Takun Abu Haifa a Kan Faranti

A Tandabawi, wata unguwa a Makka, in ka ji an ce Muttaka ya san abu, to daga bakin Muttaka maganar ta fito. Sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda mutanen Makka ke kira mukayyif, kullum yana zagaya otal-otal na Jarwal da tsani a kafaɗa. Amma in ya zauna a majalisa bayan la'asar, shi ne likita, shi ne lauya, shi ne masanin taurari. A Kano aka haife shi, aka kawo shi Makka yana goye, don haka yake ba Kanawa labarin Makka, ya ba 'yan Makka labarin Kano, kuma ba a taɓa samun wanda ya gane garinsu a cikin labarin ba. Ana kiransa Abu Haifa, da sunan 'yarsa ta fari.

Wata Laraba, alhazai sun fara watsewa, yana kan tsani a wani ɗakin otal sai idonsa ya faɗa kan talabijin da aka bari a kunne, an kashe murya. Wasu maza biyu ne a kan dandamali, kowa da hula da sanda, suna ba da labari da rawa. Su rabu, su haɗu, su bubbuga ƙafa, ɗaya ya ɗaga ɗaya sama. Muttaka ya kalla na minti goma sha ɗaya, har aka sako tallar sabulu. Ya hau tsanin nan yana mai gyara, ya sauko yana masanin fanni.

Kowace shekara in aikin Hajji ya ƙare, 'yan unguwar kan haɗu su ci abinci su huta gajiya. Baba Maman, dattijon unguwa, shi ke jagorantar shirin. Nishaɗi kuwa na Bandar ne, wani jikan Hausawa haihuwar Makka, wanda shi da mutanensa ke yin mizmar, rawar sanda ta mutanen Hijaz. Ranar da aka zauna tsara taron, Muttaka ya gyara murya.

"Shekara ashirin muna kallon ƙarti suna zagaya fili da sanda kamar masu neman maciji," in ji shi. "Duniya ta wuce nan."

Bandar ya ajiye kofin shayinsa. "Tayyib. Kai me za ka kawo mana, ya Abu Haifa?"

"Rawa mai labari. Ta mutum biyu. A ƙasashen da aka san fannin, masu kallo har kuka suke yi."

"Mu ma ina jin za mu iya yin kukan," in ji Bandar.

"A ina ka koya?" Baba Maman ya tambaya.

"Na yi nazari, Baba. Daga sama na kalle shi, inda ake ganin komai."

Baba Maman ya ba shi minti goma kafin a kawo abinci, domin a cewarsa kafin abinci babu mai tashi ko me aka nuna masa.

Sai neman abokin rawa. Mutum shida Muttaka ya tuntuɓa, huɗu suka ce gwiwa, ɗaya ya ce zai yi tafiya Madina, ɗaya ya ce shi dai ba ya so. Ƙarshe ya dira a shagon Mudassir, ƙanin matarsa. Mudassir tela ne, ƙato, mai nauyin baki, wanda in ya ce maka sannu da safe to ya gama hirar ranar. Shekara biyu ke nan yana neman auren Dalal, ƙanwar Bandar, kuma duk lokacin da aka tayar da maganar sai Bandar ya ce za a duba.

"Ka san abin da ya sa Bandar yake ja maka rai?" in ji Muttaka. "Bai taɓa ganin ka motsa ba."

"Ina motsi, Yaya. Ina taka keke."

"Keken ɗinki ba ya ba mutum mata. Ka fito fili a gabansa, ka nuna masa kai ma namiji ne mai ƙafa. Ranar nan zai sa rana."

Mudassir ya ajiye allura. Da maganar wani abu ce da ya ce a'a. Amma maganar Dalal ce.

A saman benen da Muttaka ke haya suka fara. Ya zo da sanduna biyu da ya yanko daga ƙotar abin goge ƙasa, da takalma sau ciki da ya bubbuga wa ƙarafunan wani mataccen mukayyif a ƙasa. Ya bayyana labarin: shi matafiyi ne da ya dawo gida bayan shekara talatin, Mudassir kuma ɗan'uwan da ya zauna jira.

"To ni me zan yi?" in ji Mudassir.

"Kewa. Ka nuna kewa da ƙafa."

"Wace ƙafar?"

"Hagu. Dama ta fushi ce. In na ƙirga sai ka fara. Biyar, shida, bakwai, takwas."

Mudassir bai motsa ba. "Yaya, ina ɗaya zuwa huɗu?"

"Waɗannan na 'yan koyo ne. Na yafe maka su."

Wannan ƙirgen a bakin mutanen talabijin ya karanto shi, ko kuma haka ya ga kamar suna faɗa. Suka shiga buga ƙafa. Mudassir ya nuna kewa da hagu har ƙura ta tashi, ya nuna fushi da dama har tankin ruwa ya amsa.

A ƙarƙashin rufin nan Hajiya Rabi'atu ke zaune, wata tsohuwa da ta zo aikin Hajji daga Sakkwato shekara arba'in da suka wuce, har yau tana cewa ba ta gama shirin komawa ba. Sau biyu rusau yana tashinta daga gida a wasu unguwanni, saboda haka ta san ƙarar. Da ta ji silin yana zubo gari a cikin miyarta, ba ta tambayi kowa ba. Ta naɗe katifa, ta ɗaure tukwane a zani, ta sauko tana sanar da kowane hawa cewa an iso. Kafin rabin sa'a lungun ya cika da katifu da akwatuna da firji biyu. Wani ma har ya ciro ƙofar ɗakinsa, ya ce shi ya saye ta.

Da aka ga babu motar rusau ko ɗaya, maza uku suka hau saman bene da Hajiya a bayansu. Suka tarar da Muttaka da Mudassir riƙe da hannun juna, kowa ya ɗaga ƙafa ɗaya.

"Muttaka, ɗan nan, me nake gani?" in ji Hajiya.

"Haɗuwar 'yan'uwa ce, Hajiya, bayan shekara talatin."

"Ba jiya na gan ku tare kuna cin gurasar tamis ba?"

"A cikin labari nake nufi."

"To a cikin labarin wa zai mayar mini da firji hawa na huɗu?"

Mudassir ne ya mayar da shi. Muttaka ya bi shi a baya yana gyara masa taku a kan matakala.

Aka kore su daga saman bene, suka koma shagon ɗinki, tsakanin azahar da la'asar in an rufe. Nan aka iso wurin ɗagawa, wadda Muttaka ya ce ita ce zuciyar rawar.

"Ni zan ɗaga ka," in ji shi.

Mudassir ya dubi kansa, ya dubi Muttaka, wanda tsaninsa ma ya fi shi kauri. "Yaya, da dai an juya."

"A fannin nan mai ilimi ke ɗagawa. Ba ƙarfi ba ne, dabara ce."

Ya rungumi ƙugun Mudassir, ya yi bisimilla, ya yunƙura. Mudassir bai bar ƙasa ba. Abin da ya motsa wani abu ne a gadon bayan Muttaka, wanda ya ce ƙas. Kwana uku yana yawo a unguwa kamar wanda ya yi ruku'u ya manta ɗagowa. Duk wanda ya yi masa jaje sai ya ce ba ciwo ba ne, yana koyon yadda ake sunkuya wa masu tafi ne.

Ranar da ya miƙe ya sanar da cewa an sabunta fannin, yanzu ƙato ke ɗagawa. Mudassir ya cira shi sama da hannu biyu kamar dilar yadi. Fankar shagon tana gudu. Ta ɗauke hular Muttaka da ɗan abin da ya rage masa na gashin gaba, ta jefa hular cikin kwandon ƙyalle.

"Tsayin ya yi," in ji Muttaka daga sama. "Sauke ni."

Saura kwana biyu, Bandar ya tare shi a ƙofar masallaci. "Ya Abu Haifa, makaɗana na tambaya. Wane irin kiɗa aka yi wa mutanen naka?"

Nan ne Muttaka ya tuna bai ji ko ɗigon sauti ba. Bai nuna a fuska ba.

"Kiɗa ne mai zurfi. Ba kowane kunne ke jin sa ba."

"Kai ka ji shi?"

"Na ji shi a jika. Ku dai ku buga abin da kuka iya, ƙafata za ta gyara muku."

A gida, matarsa Safara'u tana goge masa jallabiyar da Mudassir ya yi wa ɗinki biyu bayan ta farko ta yage a wajen harbin iska.

"Abu Haifa," in ji ta, "kai in ka faɗi ka saba, ka tashi ka ce kwanciya ka yi. Ƙanina fa? Shekara biyu yana lallaɓa maganar auren nan kamar ƙwai a cokali."

"Ranar Asabar za ki gode mini."

"Allah ya sa. Na dai sayi man zafi, babbar kwalba."

Ranar Asabar bayan la'asar aka hallara a wata istiraha a Zahir, irin gidan shaƙatawar nan da ake kamawa don taro. Maza kusan ɗari biyu suka zauna a kan darduma sun kewaye fili, mata suna ɗaya ɓangaren bayan katanga. Muttaka ya iso da sanda a hammata, ya taka filin, ya tsaya. Ciyawar roba ce shimfiɗe ko'ina. Ya buga ƙafa, shiru. Ya sake bugawa, ko kiyashi bai farka ba.

Wani mai ƙaramin ilimi da nan ya haƙura. Muttaka ya zagaya baya wurin mai dafa abinci, inda aka jibge manyan farantan ƙarfe da ake zuba shinkafar mandi, irin wanda mutum takwas ke kewayewa. Ya zaro biyu.

"Waɗannan sun sha mai ciki da baya," in ji mai dafa abincin. "Yanzu aka juye nama daga cikinsu."

"Fannin yana son sulɓi," in ji Muttaka.

Ya kife su a tsakiyar fili, ya hau ɗaya, ya nuna wa Mudassir ɗaya. Mudassir ya hau a hankali, farantin ya yi wani nishi. Can gaba Bandar na zaune kusa da Baba Maman, sandarsa ta mizmar a kan cinya.

Muttaka ya yi wa jama'a jawabi cewa abin da za su gani ba a taɓa yin sa a tsakanin duwatsun Makka ba, kuma duk wanda kuka ya zo masa kada ya ji kunya. Sannan ya ɗaga hannu.

"Biyar, shida, bakwai, takwas."

Makaɗa suka saki kiɗan mizmar, domin shi suka iya. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ƙarar ta yi kama da ta maƙera goma da aka ba aikin gaggawa. Tattabarun da ke kan katanga suka tashi ba su dawo ba. Baba Maman ya cire na'urar jin da ke kunnensa, ya sa a aljihu, ya ci gaba da kallo cikin natsuwa.

Minti na farko ya tafi lafiya. Mudassir ya nuna kewa da hagu, idonsa a ƙasa, gumi na bin gemunsa. Wani daga cikin jama'a ya tambayi na kusa da shi ko kunama ce ta shiga takalmin telan.

Sai aka zo juyin matafiyi, inda Muttaka zai juya sau ɗaya ya hango gida. Ya juya. Man da ke kan farantin ya karɓe shi, ya ƙara masa juyi na biyu kyauta, da na uku. Ya miƙa sanda don ya tsaya, sandar ta nuna Bandar. Ya zagayo, ta sake nuna Bandar. Ya kuma zagayowa, ta nuna shi a tsakiyar ƙirji.

A wajen 'yan mizmar, in ka nuna namiji da sanda a cikin fili, kiransa ka yi. Sau uku kuwa ba a zama. Makaɗa suka ƙara wuta. Bandar ya miƙe, ya ɗaure ƙugu, ya shigo fili yana wulwula sandarsa a sama.

"Ba da kai," in ji Muttaka, juyi ya tafi da shi. Da ya zagayo ya ƙarasa, "nake ba."

"Ka ce me?" in ji Bandar.

"Cikin labari," juyi, "ne."

Abin da ya isa kunnen Bandar gutsattsari ne, kuma ganguna sun cinye rabinsu. Ya kai wa sandar Muttaka ɗan bugu ɗaya, irin na gaisuwa. Sandar ta bar hannun Muttaka, ta haye katanga, ta sauka ɓangaren mata. Aka ji muryar Hajiya Rabi'atu daga can tana tambaya ko nan ma an iso.

Muttaka ya ga babu mafita sai ɗagawa. In Mudassir ya cira shi sama, ya tsira daga sanda, labari kuma ya kai ƙarshe. Ya ce takwas da ƙarfi, ya daka tsalle da baya zuwa inda ƙanin matarsa yake.

Sai dai Mudassir mutum ne mai bin tsari. A tsarin da aka koya masa, wannan gaɓar ta fushi ce, inda ɗan'uwa ke sauka ya juya baya ya yi taku uku da dama. Ya sauka, ya juya baya, yana taku na biyu.

Muttaka ya dira da mazaunai a tsakiyar farantin da babu kowa. Farantin ya ce gwaram, ya lotsa ciki, ya kama shi daram. Sannan ya tashi da shi a kan ciyawar roba, ya ratsa fili, ya nufi mutum biyu da suka fito ɗauke da farantin shinkafa na farko, domin minti goma sun cika. Ya share musu ƙafafu. Shinkafa ta sauko wa Muttaka daga ka har cinya, kafaɗar rago ta zauna masa a ƙirji, da yankan lemon tsami a kan kunne.

Kiɗa ya tsaya. Muttaka ya yunƙura zai tashi ya sunkuya wa jama'a, bayansa ya sake cewa ƙas.

"Mudassir," ya ce a hankali, "wannan shi ne ƙarshen kashi na ɗaya. Zo ka rufe."

Mudassir ya gama takunsa na uku tukuna. Ya zo, ya duba, ya ga ba a raba mutum da faranti. Ya sunkuya ya ɗauke su gaba ɗaya, ya ɗora a ka, ya nufi ƙofa. Jama'a suka dare masa hanya. Wani tsoho mai raunin gani ya ɗaga hannu ya ce a sauke a nan gabansu, su ma ba a kawo musu ba.

Dariyar da aka danne ta fashe a lokacin. Muttaka, daga saman kan Mudassir, ya dubi mutanen da ke share hawaye da gefen hirami.

"Ka gani ko?" ya ce. "Na ce maka za su yi kuka."

A bakin mota Bandar ya iso su, sandarsa a hannu. Mudassir ya tsaya da kayansa a ka, zuciyarsa ta gama sallama Dalal.

"Ya Mudassir," in ji Bandar, "kwana nawa ka yi kana wannan aikin da shi?"

"Ashirin da uku."

"Ka taɓa zaginsa?"

"Mijin yayata ne."

Bandar ya jinjina kai. "Halas. Ka turo manyanka ranar Juma'a. Wanda ya ɗauki wannan kaya bai yar ba, zai iya riƙe gida."

"Ka ji ko," in ji Muttaka daga sama. "Duk a cikin tsari yake."

Kwana biyar ya yi a kwance rub da ciki. A rana ta shida aka ƙwanƙwasa ƙofa, Safara'u ta dawo tana jan farantin, an wanke shi tas, da lotsawarsa gida biyu a tsakiya.

"Mai dafa abinci ne ya aiko," in ji ta. "Ya ce ya gwada zuba shinkafa, ta ƙi zama. Ya ce tunda ya ɗauki siffarka, babu wanda zai yi wa daidai sai kai."

Muttaka ya shafa lotsawar. Sannan ya sa aka kawo ƙusa, aka rataye shi a bangon falo, saitin ƙofa, inda duk mai shigowa zai fara gani. Har yau yana nan. In baƙo ya tambaya, sai Muttaka ya ce lambar girmamawa ce da jama'ar unguwa suka ba shi, kuma a wannan fannin ba a rubuta sunan gwani a jiki, gwada shi ake yi.